Mangwaron da Ke Tsakiyar Gonata

Zuwa ga kakana Malam Isiyaku, wanda ƙauyenmu kaf ba a san shi da wani suna ba sai Baba Kofur.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda jika ke durƙusawa ya yi wa kakansa, ina roƙon Allah Ya sa ta same ka cikin sauƙin kwanciya da hasken makwanci. Mutanen gida lafiya lau. Iya tana nan, sai dai gwiwa. Zafin bana ya yi ƙarfi, an fara sharar gona, masu jakuna sun fara kai taki, kuma mangwaron nan ya nuna.

Na san ba ka son doguwar magana. Kullum cewa kake, “Kurtu, ba da rahoto a taƙaice.” To ga rahoto. Ayuba ƙanena ya ce ya bar mini itacen da ka ba shi, in sare in huta. Mai injin yanka itace ya zo ya duba, ya ce in yi shawara kafin ruwa ya sauka, kuma jiya ya dawo jin amsa. Zan gaya maka abin da na ce masa. Amma yau kam sai ka yi haƙuri da doguwar magana, domin akwai abin da na daɗe ina haɗiyewa, kuma na san Ayuba ma zai karanta wannan. Ya karanta. Ba zagi ba ne.

Baba, labarin yaƙinka duk na san shi, amma ko sau ɗaya ba ni ka ba wa ba. Ayuba kake ba wa. Kana zaune a kan tabarma ka jingina da bango, shi yana gabanka, ni kuma ina wajen ƙafarka da man kaɗe ina murza cinyar da ƙarfe ya kwana a ciki. Fuskarka na wajensa, ƙafarka na wajena. Haka na ji komai.

Haka na ji cewa kana saurayi ka kai gyaɗa kasuwar Ɗanbatta, ka tarar da motar ɗaukar soja, ka hau. Iya tana amarya, da cikin babanmu. Ita kuma nata labarin gajere ne. “Jakin ne ya dawo gida,” in ji ta, “mai jakin bai dawo ba.” Wani maƙwabci ne ya koro shi da yamma, da igiyarsa a wuya.

Haka na ji labarin abokinka. Ka ce a wajen horo kuka haɗu, mutumin duwatsun kudancin Zariya ne, Kirista, Hausarsa a karkace, dariyarsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Bargo ɗaya kuka raba a cikin rami. In za ka yi salla shi ke tsaya maka da bindiga, yana tsokanarka wai ka gajarta sura, abokan gaba ba su san alwala ba. Ran da ƙarfen igwa ya same ka a cinya, shi ya saɓa ka a kafaɗa ya ratsa fadama da kai har inda motar masu rauni take. Ya ajiye ka, ya ce akwai saura mutum ɗaya, ya koma. Bai dawo ba, kuma nan labarin yake tsayawa. Ni kuma sai in ji naman cinyarka ya ɗaure a hannuna kamar igiyar guga. Ayuba ya ji labarin da kunne, ni na ji shi da tafin hannu. Amma shi kake kallo.

Da yaƙin basasa ya ƙare, ba ka zauna ba sai da ka nemo garinsu, da sanda da ɗingishi. Ka sami tsohuwarsa. Ba ka da gawa da za ka kai mata, ba ka da kabarin da za ka kwatanta mata. Ita ce ta tono ɗan dashen mangwaro daga bayan ɗakin ɗanta, ta sa maka a gwangwanin madara. Ka riƙo shi a cinya tun daga can har gida, ka zo ka dasa shi a tsakiyar gona, inda babu manomin da ke da hankali da zai dasa itace. Tsofaffin garin nan har yau suna maimaita abin da aka ce a lokacin: “Kofur ya dawo da ƙarfe a cinya, da itace a ka.” Ka yi masa shingen ƙaya, ka yi ta jido masa ruwa daga rijiya da ƙafa ɗaya da rabi, har ya kama.

Duk wannan ban ga laifinsa ba. Mutum ya ɗauke ka a kafaɗa, ko kurmi ka dasa masa bai yi yawa ba. Inda abin ya shafe ni, shi ne ranar sunan ƙanena.

Babanmu ya rasu ana saura kaɗan a haife shi, muka dawo hannunka kai da Iya. Ranar suna ka raɗa wa liman a kunne, liman ya ɗaga murya ya ce Ayuba. Sunan Annabi ne, ba wanda zai ce uffan, amma kowa ya san wane Ayuba kake nufi, domin sunan abokin nan naka ke nan. Tun daga ranar bakinka bai ƙara kama sunan ba. “Mutumina” kake ce masa. “Mutumina ya tashi?” “A ba Mutumina fura.” Ni kuwa, da na riga shi zuwa duniya, na riga shi zuwa hannunka, sai ka sa mini Kurtu. “Kurtu, buta.” “Kurtu, kore akuyar can.” “Kurtu, wa ya koya maka tafiya kamar agwagwa? Lef, rai!” Ina dariya a lokacin, don na ɗauka wata rana za a ƙara mini girma. Kai igiya biyu ka yi a soja. Ni ko zare ban samu ba.

Ka tuna dokar mangwaron fari? Duk shekara in ya fara nuna, ba mai taɓawa sai ka je da kanka ka zaɓi wanda ya fi ja. Ni ke hawa, don ƙafarka ba ta hawa. Ka tsaya a ƙasa kana nuni da sanda: “Ba wannan ba, Kurtu, na samansa. Makaho ne kai?” In tsinko, in sauko da shi a cikin riga don kada ya bugu, in miƙa maka. Ka goge shi da hannun rigarka, ka miƙa wa Ayuba. Sai ya ci ya gama, ruwan na bin gwiwar hannunsa, kana kallonsa kamar mai kallon wata sabon tsayuwa, sannan ka ce, “To, a saki jama'a.” Ni ina cikin jama'a. Tururuwan itacen ni suke cizo, amma ina cikin jama'a.

Ban taɓa cin na fari ba. Ko a ɓoye ban taɓa ba, alhali ina can sama ni kaɗai, ganye ya rufe ni. Ba tsoron sandarka ba ne. So nake ka ba ni da hannunka.

Da ƙafar ta matsa maka, aka ga dole ɗayanmu ya zauna gida. Ina aji huɗu a firamare, malaminmu ma yana cewa kaina na ja. Ba ka yi dogon tunani ba. “Kurtu ba ya barin sansani,” ka ce, kana dariya, ka dafa kaina. Na ji daɗin dafawar har na manta ban tambayi dalili ba. Ɗan abin da gwamnati ke ba ka na tsohon soja, in ya zo, a kan karatun Ayuba yake tafiya. Ya karanci aikin jinya. Yau yana Kano yana wanke ciwon mutanen birni. Naka ciwon ni na wanke shi.

Ba gori nake yi ba, Baba. Na san ƙafar nan fiye da yadda na san fuskata. Na san in za a yi ruwa tun kafin hadari ya haɗu, domin kai za ka fara cije leɓe. Har mutane suna aiko yara su tambaye ni, wai me cinyar Kofur ta ce, a yi shuka ko a dakata. Na san ba ka cin garin rogo ko da yunwa za ta kashe ka. Na san ba ka zama inda bayanka ba bango. Na san yadda kake ninke bargo kusurwa huɗu, in na ninke ba daidai ba ka warware ka ce a sake.

Kuma na san abin da Ayuba bai sani ba. Wata Sallah da la'asar, yara suka fasa abin wasan wuta a bayan katanga. Na shigo na same ka kwance rubda ciki a gindin rumbu, hannunka a kan kai, hularka a cikin ƙasa, kana kiran sunan da ba ka kira. Na kore yaran, na ɗaga ka, na kakkaɓe maka riga, na ɗauko ruwa na wanke maka abin da ya kamata a wanke. Ba mu taɓa maganar ba, ni da kai. Ko Iya ban gaya wa ba. Yau ma ban faɗa don in tona ka ba, na faɗa ne don abin da ya biyo baya.

Washegari Ayuba ya zo hutu. Tun da safe ka sa na yi maka aski, ka sa farar riga, ka ɓoye sandar a bayan ƙofa. Da ya yi sallama ka miƙe tsaye cak kamar a fareti, ka sara masa, kuna dariya. Ina riƙe da bayan rigarka ta inda ba zai gani ba, don kada ka faɗi. A ranar na gane rabon da aka yi mana. Shi aka ba shi soja, ni aka ba ni mai rauni. Na rantse maka, a wannan safiya, da ana sayar da sara ɗaya irin wannan, da na ba da shekarun da na yi ina murza ƙafa na saya.

Iya ta gani. Ita ba ta da haƙurina. Wata rana tana tankaɗe ta ce maka, a gabana, “Malam, kai dai inuwar giginya ne, na nesa ka sha.” Sai ka ce, “Kurtu ai nawa ne. Wancan kuwa amana ce. Naka ba a yi masa fareti.” Iya ta yi tsaki ta ci gaba da tankaɗenta. Ni kuma na ɗauki maganar na ajiye, ina ciro ta lokaci lokaci ina dubawa. Magana ce mai kyau. Amma irin tuwon da ake yi wa ado ne a ba ka ka kalla.

Da ka ji jiki ya fara sanyi, ka tuna cewa babanmu ya riga ka tafiya, don haka ba mu da gado a wurinka, na baffanninmu ne. Sai ka kira mai unguwa da liman, aka je gona, ka yi mana kyauta tun kana da rai. Ka taka da sanda ka nuna yankin da ya kama daga jikin gamba zuwa hanyar shanu, ka ce, “Ƙasar nan ta Lawan ce.” Ranar ce kaɗai na ji sunana na gaskiya a bakinka, har na waiwaya ina neman wane ne Lawan. Sannan ka dafa gindin mangwaron ka ce, “Itacen nan kuwa na Mutumina ne, ku shaida.” Suka shaida. A wurinmu ba sabon abu ba ne ƙasa ta zama ta wani, itacen da ke kanta na wani. Mai unguwa ma har ya ce na fi samu, gona ai ta fi itace. Gaskiyarsa. Amma na ga inda hannunka ya sauka. Gonar da sanda ka nuna ta, itacen da tafin hannu.

Ranar da za ka tafi, da hantsi ne. Na kira Ayuba tun da asuba, ya hau mota, motar ta lalace musu a hanya. Ka buɗe ido ka ce, “Mutumina ya iso?” Na ce yana hanya. Ka rufe, ka sake buɗewa, ka sake tambaya. Na sake cewa yana hanya. Ina ta jira, Baba. Ba wata babbar magana nake jira ba. Abin da ka ce mini na ƙarshe kafin kalmar shahada shi ne, “Kurtu, gyara mini ƙafa.” Na gyara. Ayuba ya iso ana ɗaukar makara. Ya yi kuka har ya faɗi, mutane suka taru a kansa suna cewa, Allah sarki, ɗan lelen Kofur. Ni ina gefe ina neman inda aka ajiye diga.

To ga halin da ake ciki tun bayanka. Itacen ya ƙara buɗewa. Inuwarsa ta cinye kusan rabin yankin da ka ba ni, saiwarsa ta bi ƙarƙashin sauran tana shan taki kafin gero ya sha. Geron da ke kusa da shi dogo yake yi siriri, ba zangarniya, kamar yaran da suka tashi a gidan mai rowa. Ka san ƙasarmu, ba inda za ka matsa. Ka ɗaga fartanya hagu gonar baffa ce, dama ta maƙwabci ce. Na yi aure, ka sani, kai ka karɓa mini auren Rabi. Yanzu muna da 'yar mace, ta fara tafiya. Bara rumbunmu ya ƙare tun kafin a yi huɗa. Rabi ba ta da yawan magana, amma ranar da ta kankare gindin rumbu ta ce, “Inuwa dai ba ta shiga tukunya.”

Duk da haka ban canza doka ba. Duk shekara in hau, in zaɓi wanda ya fi ja, in sa shi a saman kwando, in ɗinke bakin da buhu, in kai tasha in ba direba ya kai wa Ayuba Kano. Sai ya kira ya ce ya samu, sannan in ce wa yaran unguwa a saki jama'a. Ba wanda ya sa ni. Kurtu ne, ba a sallame shi ba.

Bana, ana gab da nuna, sai ga kiransa. Iya ce ashe ta gaya masa maganar rumbu. Ya ce, “Yaya, don Allah ka sare itacen nan. Na bar maka shi duniya da lahira, zan kira mai unguwa in shaida masa. Ni mangwaro a bakin asibiti ma ana sayarwa.” Haka, a sauƙaƙe, kamar mai kyautar tsohon takalmi. Baba, ban taɓa jin kishi irin na wannan rana ba. Ba kishin an ba shi ba, wannan na saba. Kishin yana da abin da zai iya yarwa. Abin da na yi shekaru ina leƙe ta katanga, shi bai ma san yana aljihunsa ba.

Na ce masa wannan fa abin Baba ne. Sai ya ce, “Yaya, ni ban san mutumin nan ba. Baba bai taɓa kallona ba, wani yake gani a bayana. Bai taɓa yi mini tsawa ba, bai taɓa aikena ba. Kai ne jikansa, ni baƙo ne da ake shimfiɗa wa tabarma.” Na ce masa ya daina maganar banza, na kashe waya. Ban yarda da shi duka ba, har yanzu ban yarda ba. Mai ƙoshi yana iya cewa nama ya gundure shi. Amma maganar ta bi ni gona, ta bi ni masallaci.

Mai injin ya zo ranar da ya ce. Ya zagaya itacen, ya buɗe hannuwa ya gwada kaurinsa, ya bubbuga shi da tafi kamar mai taya sa a kasuwar shanu. Ya ce gindin katako ne mai kyau, rassan gawayi, kafin la'asar sai dai in ga sarari. Ya ce, “Mai gona, wannan ai ba itace ba ne, maƙwabci ne marar biyan haya.” Na yi dariya don maganar ta yi. Amma inda ya bubbuga, daidai inda ka dafa ne.

Bayan ya tafi na ɗaga kai. Ga shi nan a reshen gabas, ja wur, shi kaɗai ya riga 'yan'uwansa. Na ce a raina, ai yanzu nawa ne, mai shi ya ba ni. Na cire takalmi na hau. Ba mai nuni da sanda, ba mai ce mini makaho. Na tsinko, na sauko, na zauna a kan saiwar da kake zama, na goge shi da hannun rigata, na yi bismilla na gatsa.

Mangwaro ne, Baba. Mangwaro ne kawai. Har da ɗan tsami ta wajen ƙwallon, da zare mai shiga haƙori. Daidai yake da wanda nake ci tare da jama'a duk shekara. Na zauna da ƙwallon a hannu, ruwan na bin gwiwar hannuna, ba mai kallona sai wata tunkiya. Ban yi kuka ranar da ka rasu ba, aiki ya yi mini yawa. A nan na yi shi.

Da na koma gida Iya ta ga bakina ta gane. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Ka ci? To madalla. Ni na yi zaman aure da mutum biyu, ɗaya ban taɓa ganinsa ba, kuma shi ya fi ni faɗa a ji. Amma ba don shi ba, da jakin nan kaɗai zan gani har abada. Kai da kake fushi, da ba a kawo maka ƙafar da za ka murza ba.” Ta juya ta ci gaba da jan carbinta.

Jiya mai injin ya dawo da yaransa da galan ɗin mai. Na ce masa ya yi haƙuri, itacen ba nawa ba ne. Ya ce ai an ce an ba ni. Na ce an ba ni, ban karɓa ba. Wanda nake so ya ba ni bai ba ni ba, kuma ba zan karɓa a hannun wani don in sare ba. Ya kalle ni irin kallon da aka yi maka ran da ka dasa shi, ya ce Allah Ya ba da lafiya, ya tada babur ɗinsa.

Kada ka ɗauka abin ya zo da sauƙi. Rabi ba ta yi mini magana ba har bayan isha'i, kuma tana da gaskiya. Geron bana ma ba zai kai mu ba, na sani. Na riga na yi magana da wani ɗan garinmu da ke kasuwar hatsi ta Dawanau, in an gama girbi zan je in yi dakon buhuna har rani ya fita. Bayana lafiyayye ne. Wani ya ɗauki mutum a kafaɗa cikin ruwan wuta, ni hatsi kawai zan ɗauka.

Kuma kada ka ɗauka kishin ya tafi. Yana nan. Da za ka dawo yau ka zauna a kan tabarmar nan, na san wajen da fuskarka za ta juya, na kuma san wajen da zan zauna. Har yanzu ina so da sau ɗaya ka goge mangwaro ka ce, “Ungo, Lawan.” Sau ɗaya tak. Ba ka yi ba, kuma yanzu ba za ka yi ba. Na yafe, amma ina so ka sani.

Yau da safe na kai kwandon Ayuba tasha kamar kullum. Ayuba, in ka kai nan, ka ji: itacenka yana nan, kwandonka yana hanya, kuma in ka zo Sallah zan aike ka rijiya, in yi maka tsawa in ka daɗe. Sai dai kwandon bana ba na fari a samansa. Ni na ci.

Ƙwallon kuma ban yar ba. Na sa shi a gwangwanin madara da ƙasa da ɗan taki, na ajiye a bayan ɗakinka, daidai inda ruwan alwalarka ke zuba, don yanzu nan nake tawa. In ya tsiro, a cikin gida zan dasa shi, ba a gona ba, hankalina bai kai naka gudu ba. Wannan ba wanda ya ba ni, ba kuma wanda zai shaida. In Allah Ya nuna mana ya yi 'ya'ya, ni zan hau, ni zan goge, kuma duk yaron da ya hau tare da ni shi zai fara ci.

Allah Ya jiƙanka, Baba Kofur. Allah Ya yafe maka abin da idonka ya gani da abin da hannunka ya yi a inda aka tura ka. Allah Ya cire maka ƙarfen nan, Ya tashe ka da ƙafa biyu lafiyayyu, a inda ba ƙarar da za ta sa ka kwanta a ƙasa. Allah Ya sa duk tsuntsu da yaro da matafiyin da ya ci daga itacen nan ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Abokinka kuwa, wanda ban taɓa gani ba, na bar shi ga Ubangijin da Ya ga abin da ya yi a fadamar nan. Allah Ya ƙara wa Iya lafiya, Ya haɗa kaina da ƙanena, Ya ba mu damina mai albarka wadda za ta ishi gero ta ishi itace. Amin.

Rahoto ya ƙare. Sansani yana nan yadda ka bar shi.

Naka,
Lawan,
Kurtun da har yau ba a ƙara wa igiya ba.